Sunana Ya Riga Ni Hawa Bene

Na yi sammako daga Aboabo,
ko koko ban kurɓa ba,
takardun mota a baƙar leda
kamar mai zuwa kai ƙarar kansa.

A Adum, hawa na uku,
sanyin ofis har cikin haƙori.
Yarinyar ta ce, "Masa'udu Bawa?"
Ta danna, ta danna, murmushin ya tsaya.
Kwamfuta ba ta san a yi haƙuri ba.

Uku ta ƙirga mini.
Na fari a shataletalen Suame,
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
tirela ta yi atishawa, ni na kwashi murar.
Na biyu akuya ce, hanyar Ejisu,
na kauce mata, na rungumi teburin mai lemo.
Akuyar tana nan, an ce har ta haifi biyu.
Na uku ba ni da ta cewa.
Kwana biyu ina kan sitiyari
don kuɗin makarantar Najahatu.
Ido ya rufe, bai kai tsawon bisimilla ba,
na farka da turken lantarki a gaban hancina.
Ba wanda ya mutu.
Kullum sai na ƙara da wannan:
ba wanda ya mutu.

Ta rubuta kuɗin a gefen takarda,
ta juyo mini shi a hankali
yadda likita ke nuna hoton karaya.
Na ce, "'Yar'uwa, inshora ce ko sadaki?"
Ba ta yi dariya ba.

Ofis huɗu na taka kafin azahar.
Ko'ina sunana ya riga ni hawa bene,
ya zauna a kujera, ya harɗe ƙafa.

Ga Maame Pokuaa, mai motar.
Saura wata tara in gama biya ta zama tawa.
Maganarta ɗaya ce, ba ta da ƙanwa:
cikakkiyar inshora, ko makulli.

A bayan Kejetia Gariba ya ja hannuna.
"Sidi ɗari da hamsin, sitika sabuwa dal,
ko uwar ɗan sanda ba ta gane ta."
Na karɓa, na shafa, har na taɓa aljihu.
Sai na ga matar nan ta hanyar Ejisu
zaune a kwalta, zani ya kwance,
tana tsince lemo ɗaya bayan ɗaya
tana goge kowanne da bakin mayafi.
Takardar gaskiya ce ta tayar mata da tebur.
Wannan fa, wa za ta tayar?
Na miƙa wa Gariba abarsa.

La'asar sakaliya, a Asafo,
wani ɗan ofis saman shagon taya,
fanka na juyi kamar an yi mata dole.
Tsoho Opoku ya karanta duka ukun,
ya cire tabarau, ya dube ni.
"Ƙarfe nawa kake kwanciya?"
Duk Kumasi ba wanda ya tambaye ni haka.

Ya ce biya huɗu, ba lokaci ɗaya ba.
In an sake karo, kason farko daga aljihuna.
In shekara ta fita lafiya, mu sake zama.
Ba araha ba ce. Amma tana ɗaukuwa,
kamar buhun da aka kama maka gefe.

Sahura ta kwance kuɗin adashinta,
ba ta ce komai ba, ta dai ƙirga sau biyu.

Yanzu ƙarfe tara nake kashe inji.
Jiya a mahaɗar Anloga, tara saura kwata,
wani mai jaka biyu ya ɗaga hannu,
filin jirgi, kuɗi mai kauri.
Ƙafata ta nemi birki da kanta.
Na ce mata, gida.

A bayana ana ta hon,
wani yaron mota ya leƙo ya ce, "Baba kunkuru!"
Na ɗaga masa hannu.