Gasar Tef a Tudun Valparaíso

Ruwa ya tsuge tun hantsi a kan tudun Valparaíso,
motar siminti ta maƙale can ƙasan gangara.
Mu bakwai a gidan da rabinsa kawai aka rufe,
mun ci burodi, mun sha shayi, hira ta mutu murus.
Sai Nibaldo ya zaro tef daga ƙugu,
ya miƙa shi sama kamar mai tsokanar hadari.
Harshen ƙarfe ya tafi, ya tafi, yana kakkarwa,
mita biyu da ɗoriya, sai ƙwas! ya karya wuya.
Fresia ta ce, "Nawa ya fi naka ƙashin baya."
To, daga nan zance ya yi ƙafa.

Ni ne ƙarami, ni aka miƙa wa fensir
da guntun katako, aka ce, "Rubuta doka."

Ta fari: kowane tef ya tsaya da ƙafarsa.
Ba jingina da bango, ba hura wa na wani iska,
ba kiran waliyyai da ƙarfi.
Eleuterio ya ce wannan zalunci ne,
kakarsa da bakin waliyyai ta yaye shi.
Muka bar masa guda ɗaya, shi ma a cikin raɗa.

Ta biyu tsere ce: a ja mita biyar, a saki,
wanda nasa ya riga shiga gida ya ci.
In bakin ƙarfe ya tsage maka yatsa,
tsotse abinka shiru,
ba a ƙara maki don ihu.

Ta uku, Fresia ta ce a yi su.
Mabuɗin sito a ƙasan bene, kai kana bisa,
ka zura ƙugiyar tef ka kamo shi kamar tarwaɗa.
Nibaldo ya kusa, wallahi ya kusa,
mabuɗi na lilo daidai gwiwarsa,
sai wani tsuntsun teku ya ƙwala kuka a taga.
Hannu ya motsa. Tsulum! cikin bokitin fenti.
Aka shiga musu: tsuntsu ɗan wasa ne ko ɗan kallo?
Na rubuta a gefe: tsuntsu ƙaddara ne, ba a ɗaukaka ƙara.

Duk abin nan Don Baldomero na kan buhu,
ya ƙudundune cikin bargo, idonsa ɗaya ya yi hazo.
Ya ce, "Yara, ku mai da ƙarafanku aljihu.
Ga ƙofar kicin can. Kowa ya faɗi faɗinta."
Wani ya ce tamanin, wani casa'in ba biyu,
ni na ce tamanin da biyar don kada a ce ban ce ba.
Tsoho ya tashi, gwiwa na ƙara,
ya shafa dogarin ƙofa kamar mai taya doki,
taƙi huɗu da ɗan yatsa,
ya ce, "Tamanin da uku da rabi."

Muka zaro alƙalai.
Na Fresia ya ce da uku.
Na Nibaldo, da fenti a baki, ya ce da huɗu.
Na Eleuterio, mai ƙugiya kamar haƙorin tsohuwa,
ya faɗi abin da kunya ta hana ni rubutawa.
Tef uku, amsa uku, ƙofa ɗaya tana kallonmu.
Tsoho ya yi dariya har da tari,
ya ɗauke empanada ɗaya da ta rage, wadda ta huce,
bai jira an ce shi ya ci ba.

Can sai odar mota daga gangara.
Rana ta leƙo, jiragen ruwa suka fito fes a gaɓa.
Katakon dokar, ban jefar ba.
Na kafe shi cikin bangon kicin kafin a yi shafe,
da sunayenmu, da makin kowa, da hukuncin tsuntsu.
Masu gidan sun tare bara, an ce likitoci ne.
Ƙofar kuwa har yau sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa.