Iri Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Tun ina yaro kogin Mekong ke shayar da mu,
ruwan daɗi, jajaye da laka, mai kauri kamar kunu.
Yau in na tsoma yatsa a magudana na lasa,
teku ce ke gaishe ni da bakin gishiri.

Shekara uku Dieu ta yi tana zuwa,
'yar gidan Quach, a kan babur mai tarin tsufa,
da takalman roba, da wani ɗan ƙarfe
da take tsomawa a ruwa ya faɗa mata lamba.
Na ce, "'Yata, harshena ma yana wannan aikin,
kuma ba ya cin batir."
Ta yi dariya, ta roƙi aron kusurwar gonata,
taku ashirin kacal, don ta gwada iri.

Iri sittin ta dasa, kowanne da ɗan allonsa.
Kafin Tet, bikin sabuwar shekararmu,
hamsin sun ƙone a tsaye,
tara suka yi ciki suka haifi ƙaiƙayi.
Guda ɗaya, mai lamba arba'in da bakwai,
gajere, mummuna, wanda ko kyauta ba ka so,
ya sha ruwan da ya kashe 'yan'uwansa,
ya fid da kai, ya sunkuya don nauyi,
bai ce komai ba, sarkin haƙuri.

Na ce a yanka agwagwa. Ta ce, "Baba Khoi, tukuna.
Sau ɗaya sa'a ce. Sau bakwai, shi ne nazari."

Amma kuɗin gwamnati na shekara uku ne,
haka aka rubuta can Hanoi.
Ban ce mugaye ba ne.
Akwai gadar da ambaliya ta cinye a arewa,
akwai asibitin da ke jiran rufi,
akushi ɗaya, hannu dubu.
Sai dai shinkafa ba ta san kasafin kuɗi ba,
ba a ce mata ta yi sauri,
gishiri kuwa ba ya jiran a sa hannu a daftari.

Shafi tamanin ta rubuta na roƙo.
Aka ce ta gyara. Ta gyara.
Aka ce ta jira. Ta jira
har yaranta biyu suka tafi birni ɗinkin takalma,
injin adana iri ya mutu a tsakiyar zafi,
ta kwashe kwalaben zuwa firjin mahaifiyarta
tsakanin kifi da miyar jiya.
Da albashinta take sayen man babur.
Mijinta bai sani ba. Ni na rufa asiri.

Ran da ta zo sallama ba ta cire hular kwano ba.
"An mai da ni sashen jatan lande,
can kuɗi suka kwanta bana."
Ta miƙo min gwangwanin madara, ta juya,
babur ya ƙi tashi, na tura ta har bakin gada.
Ban buɗe ba sai da dare:
arba'in da bakwai ne a ciki, shi ke nan guzuri.

Yanzu ni ne masanin da ba shi da albashi.
Jikata Tuyen ta ba ni ragowar littafin lissafinta.
Kullum da asuba in lasa ruwa,
in rubuta "kamar jiya", ko "ya fi jiya",
in auna tsawon kara da taƙi.
Maƙwabta sun mai da gonakinsu tafkin jatan lande,
suna kirana mai gadin kabari.

Shuka ta biyar ke nan. Saura biyu.
Gwiwata ba ta son laka kamar da,
kuma ban san ko malaman Hanoi za su karɓi
shaidar harshen tsoho ba.
Duk da haka na bar shafi ɗaya fari,
inda Dieu za ta sa lambarta in kuɗi sun juyo.
Jiya na rubuta: "Ya fi jiya.
Gajeren yana nan tsaye.
Ya yi ƙoƙari."