Ma'aunin Barci

Ɗan zuhudu Osban, ajiye gashin dinyar nan,
tawadarka ta daskare.
Matso kusa da murhu in faɗa maka.

Kai ka ce papaber, da Latin ɗin malamanka,
harshen da bai taɓa nome gona ba.
Kakata popig take cewa, tana haɗiye ƙarshen
kamar mai tauna ɓawon burodi.
Mu muka yar da wutsiyar, muka bar popi.
'Yan arewa masu kawo ulu kasuwar Linkon
ƙoƙon cuku suke ce masa.
Rubuta duka. Suna ba ya kisa.

Jan nan mai tsiro cikin sha'ir na yara ne,
kafin ka kai shi gida ya zube.
Farin nake nufi, na bayan katangar lambunku.
Tsaga kansa da yamma, sau uku, ba zurfi,
da safe ka kankare hawayen da ya yi,
sun dafe, ga ɗaci kamar tsohon bashi.

Mai tari, a dama masa 'ya'yan da zuma.
Mai ciwon kai, a kwaɓa da man wardi a shafa a goshi.
Wanda wanzami zai yanke wa ƙafa
a zuba masa a giya, ya sha a gaban wuta
har haɓarsa ta sauka ƙirji.
In an gama, gishiri da ruwan tsami a bayan kunne,
sai ya farka.

Haka aka ce. Sai ya farka.

Turstan mijina, amalanke ta bi ta kansa da kaka.
Kwana huɗu yana ihu
har karnuka suka gaji da amsawa.
Na ba shi kamar ƙwayar wake. Bai yi shiru ba.
Na ƙara.
Na shafa gishirin, na shafa ruwan tsamin,
na kira shi da sunan da uwarsa kaɗai ta sani.

Nan hannunka zai yi hattara, yaro.
Littafinka zai shiga gidajen da ƙafata ba za ta taka ba,
hannun wata mai miji yana ihu,
tsakar dare, kyandir ya kusa cinyewa.
Kada ka rubuta "kaɗan".
Kaɗan ɗin mai tausayi ba shi da baki.
Rubuta: nauyin ƙwayar sha'ir, a auna da rana,
kuma ba matarsa ce za ta auna ba.

Ɗora tawadar kan toka ta narke.
Yaya ma kuke cewa? Papaber.
A bakinka kamar bai taɓa kashe kowa ba.