Dutsen da Na Ɗora a Valtellina

Motarmu ta ƙi hawa, muka sauka,
muka bi matakalar dutse da ƙafa.
Kogin Adda na can ƙasa,
siriri, kamar zaren da ya kuɓuce wa masaƙi.

Gonar inabin ba shimfiɗe take ba,
tsaye take, hawa kan hawa,
kowace kunya da katangarta,
dutse bisa dutse, ba siminti, ba laka,
nauyi ne kawai ke riƙe da nauyi.

Onorina ta tarye mu a bakin ƙofa,
shekara tamanin da ɗaya, gwiwa guda ta ƙarfe.
Ta ce, ƙasar nan da kuke takawa
ba nan aka halicce ta ba.
Kakannina suka hau da ita a kwando,
ruwa ya wanke ta zuwa kwari,
suka sauka, suka sake ɗauko ta.
Ba alfahari a muryarta,
kamar mai faɗin kuɗin gishiri.

A bene, inabi na kwance kan asabari
tun watan Oktoba, tagogi a buɗe.
Yana yamushewa, yana tara zaƙi,
irin tsohon da maganarsa ta ragu
amma in ya furta guda sai a yi shiru.

Sai ta kai mu ƙarƙashin ƙasa.
Sanyi ya kama ni a idon sawu.
Gangunan katako sun jeru cikin duhu,
kowace ta fi ni tsawo, ta girme ni.
A jikin bango an rubuta shekaru da gawayi:
nan ƙanƙara ta sauka ana saura kwana shida girbi,
nan yaƙi ya kwashe maza, mata suka tsinka,
nan aka haifi Ermes,
nan aka aura masa ni.
Akwai wata shekara da ba komai a gefenta.
Ta wuce ta da fitila, ba ta tsaya ba,
ni ma ban tambaya ba.

Ta zuba ja a kofi ta miƙo.
Na dafa ƙirji, na ce ba na sha.
Ta dube ni ta saman tabarau,
ta hau benen nan da gwiwar ƙarfe,
ta dawo da nono guda na busasshen inabi.
Ungo, ta ce, wannan bai zama komai ba tukuna.
Na ci. Rana ce ta wata uku
ta narke mini a dasashi.

Jikanta Fausto sai Asabar yake zuwa.
A hayin iyaka yake gyaran injina,
can ne kuɗi, in ji shi, nan ciwon baya.
Amma ga shi durƙushe gaban katangar
da ruwan makon jiya ya rushe,
yana gunaguni, yana jera duwatsu.

Na ɗauko guda na kai masa.
Ya ƙi karɓa, ya nuna mini gurbi.
Kowane dutse da fuskarsa, ya ce,
juya shi har ya yarda.
Na juya, ya yi rawa.
Na juya, ya yi rawa.
A na uku ya zauna daram,
kamar dama can wurin yake jira.
Fausto bai ce madalla ba,
wani ya ɗora a kai.

Da magariba muka gangaro.
Abokan tafiya na rungume da kwalabe,
suna gardamar wace shekara ta fi.
Ni ba abin da na saya.
Ƙujewa ce a tafin hannuna,
da dutse guda can sama,
a hawa na goma sha huɗu,
yana tare ƙasar mutane kada ta zube.