Tsakanin Hawa da Sauka

Aikina jan ƙarfe ne a wani tudu na Valparaíso:
akwatin katako ya hau da mutane, ɗan'uwansa ya sauko,
minti biyu, sai jira.
A jiran nan na cinye littattafai biyar tun shigowar sanyi,
aro daga shagon Herminia da ke gindin tudu,
wadda ba ta karɓar ko sisi,
sai dai ka faɗa mata gaskiya ranar da ka mayar.

Na farko na kisan kai ne.
An tsinci gawar mai gyaran agogo a bayan shagonsa.
Tun shafi na arba'in na ɗora wa surukinsa laifi,
na bi shi da harara har shafi na ɗari uku,
ashe bawan Allah bashi ne kawai ke cin sa.
Kunya ta kama ni kamar na yi wa maƙwabci ƙazafi.
Ranar nan wani mai irin gemunsa ya hau kyauta.

Na soyayya kuwa ban gama ba.
Mutum biyu, wasiƙa ta ɓata, shekara tara ana kuka.
Ni da na zauna da Baltasar shekara talatin da ɗaya
har ƙasa ta rufe masa ido,
na san so ba ya da surutu haka.
So shi ne mutum ya tashi cikin dare ya rufe taga
don ya ji kin yi tari.
Herminia ta ce, "Ke dai ba ki da haƙuri."
Na ce, "Ina da shi, a kan mutanen gaske nake kashe shi."

Na uku ya jefa ni gaba da shekara dubu,
jirgi na keta taurari, fasinja na barci cikin ƙanƙara.
Rabin injinan ban gane su ba, ban kuma damu ba.
Amma akwai wata tsohuwa mai gadin masu barcin,
ita kaɗai a farke,
tana duba allura, tana ɗiga mai,
tana kai mutane inda ita ba za ta sauka ba.
Na ɗaga kai na dubi igiyar ƙarfena,
na dubi teku, jiragen kaya sun yi tsit cikin hazo.
Sau uku wani yaro ya buga ƙararrawa
kafin in tuna inda nake.

Na fatalwa dariya ya ba ni da rana.
Da dare, bayan na kashe fitilar tasha,
matakala ɗari da sittin zuwa gida,
kowane karen unguwa ya rikiɗe,
na yi ta rera waƙa da ƙarfi, tsofai-tsofai da ni.

Na biyar ne ya ƙi saki na.
Wani gari ne, shekarar da sojoji suka karɓi mulki,
a ƙwanƙwasa ƙofa da asuba, a tafi da mutum da silifa a ƙafa.
Marubucin bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.
Cewa kawai ya yi uwar ta ci gaba da jera faranti huɗu.
A gefen layin, wani da ya riga ni karantawa
ya rubuta da fensir, ƙanana-ƙanana:
"Mu biyar ne."
Kwana uku ina kallon hannuwan masu miƙo kuɗin hawa,
mai zobe, mai kanta, mai rawa,
ina cewa ko wannan ne.

Ranar Talata na mayar, ana tsuga ruwa.
Herminia ta tsaya jiran gaskiyata.
Na buɗe shafin, na ɗora yatsa.
Ta cire tabarau, ta goge da bakin riga,
ta daɗe tana gogewa.
Can ta ce, "Gobe zan nemo miki mai ban dariya."
Na ce to.

Na koma tasha.
Mutum shida na jira, ɗaya da kwandon kifi.
Na rufe ƙofa, na ja ƙarfen.