Marin Ranau

A gindin duwatsun Kudu aka yanke mini cibi,
a maƙerar Ranau na yi wayo,
ni da zuga, shi da masaba.
Ban san wata makaranta ba.

Garma, fartanya, lauje, magirbi,
har basillar ɗinkin ƙwarya.
Yakan ce, "Tunau, tama rance ce daga ƙasa,
a kan kunyar gona ake mayar mata.
Ƙarfen da ya kama ƙafar mutum
bai koma gida ba."

Shekarar da fara ta rigaye mu girbi,
rumbuna suka zama ɗakin ɓera,
jakada ya sauka da majiya ƙarfi goma,
ya zube tama a ƙofarmu:
"Mari arba'in kafin wata ya mutu,
na masu bashin gandu da ba su biya ba."

Ranau ya ɗauki dunƙule ɗaya,
ya jinjina shi a tafin hannu.
"Wannan zai ba da fartanya uku," in ji shi,
"kowace za ta ci da gida.
Abin da ka ce kuwa, ban iya ba."

Suka farke zugazugi da wuƙar da ya wasa,
suka mirgina uwar maƙera cikin rijiya,
suka ɗaure shi jikin tsamiya da igiyar rama,
tun da garin kaf babu mari.
Kwana uku rana tana aikinta,
bai nemi inuwa ba.

Sarkin maƙera ya zo da dare da ruwa a buta:
"Ɗan'uwa, ƙera da hannu, ka ƙi a zuci.
Gemu ma yakan sunkuya wa iska."
Ya kurɓa, ya ce, "Na gode da ruwa.
Amma hannun nan da zuciyar nan
uwa ɗaya ta haife su,
ban taɓa raba musu kwano ba."

Sauran labarin ya fi nauyi a bakina.
Ni aka kira. Aka nuna mini bulala,
aka nuna mini ƙofar ɗakin uwata.
Na ɗinke zugazugi, na aro dutse,
na hura wuta da gawayin ƙirya.
Marin farko da ya huce,
ba kowa aka sa wa ba

sai shi.
Ya sunkuya ya duba, kamar yadda ya saba
duba aikina kowace yamma,
ya shafa mahaɗin da babban yatsa.
"Ka yi gaggawa, yaro,
ƙarfen bai nuna ba."
Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan.
Bai tofa mini yawu ba.

Da asuba suka nufi yamma da shi,
ƙarar aikina tana bin sawunsa
har ta ɓace bayan kukoki.
Fatake sun ce an sake ba shi masaba a can,
ya sake ajiye ta.
Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Yau gemuna ya yi fari kamar toka.
Fartanya nake ƙerawa, ita kaɗai,
wanda ba shi da ko wuri ma ya ɗauka.
Uwar maƙera tana ƙasan rijiya har yanzu,
ruwan yana da ɗanɗanon ƙarfe.
Matan gari sun koma rafi,
ni ban daina sha ba.