Motsin da Ke Cikin Ambulan

Shekara arba'in ina tsaron agogo
a zauren wasan ces, bayan tsohuwar gada a Tbilisi,
inda kogi ke wucewa da jan ruwansa
kamar bai san ana yaƙi a saman bene ba.
Ban taɓa cin gwani ba.
Nawa in rubuta abin da hannu ya aikata,
in kama bakina.

A garinmu, mai tafiyar karkace kunkuru muke ce masa,
na kusurwa kuma karusa.
Otar bai taɓa yarda kunkuru na da nawa ba.
Tun shayi bai huce ba ya jefa shi wuta,
ya bi shi da doki, ya bi doki da karusa,
kyauta kan kyauta, sai ka ce mai rabon dukiyar maƙiyi.
Kana kwasa, kana murna,
ka ɗaga kai, ga sarkinka tsirara a tsakar gida.
In aka ce masa lissafin da rami,
sai ya kaɗe tokar sigari daga ƙirjinsa:
"Yaushe kuka gano? Bayan kwana uku?
Ni a daren na ci."

Akwai Guram, mai wasa kamar ruwan tafki garau,
kana hango ƙasa, ka ce iyakarsa gwiwa,
ka shiga, ya sha kanka.
Amma ba labarinsa ya tashe ni ba.

Tsiala.
Allonta cikin kayan auren kakarta ya zo gidansu,
doki ɗaya ba kunne.
Ita ba ta kai hari, taga take rufewa.
Soja ɗaya, taku ɗaya, ta naɗe hannu.
Ta hana ka wannan gida, can an jima ta hana ka wancan,
ba jini, ba ƙara,
sai dai duk inda ka miƙa hannu
ka tarar ta riga ka kwana a wurin.
Maza sun fita daga gabanta suna sassauta wuyan riga.

Ranar da suka haɗu, ƙanƙara ta toshe titin tudu.
Awa biyar wuta na neman ƙofa,
bango na ƙara kauri.
Dare ya yi, aka ɗage wasa zuwa safe.
Bisa ƙa'ida Otar ya juya baya,
ya rubuta motsinsa a ɓoye,
ya lashi bakin ambulan, ya ba ni.
"Kada ka leƙa," ya ce, yana dariya.
A matakalar gidansa zuciya ta tsaya,
mabuɗi na hannunsa.

Shekara sha tara ambulan na aljihun kwat ɗina.
Na sauya kwat sau uku.

Bara ta hawo benen da sanda, tana hutawa kowane hawa,
ido ya yi hazo, amma ta jera 'ya'yan da ka,
kowa a gidan da dare ya bar shi.
"Buɗe," ta ce. "Ai na sani.
Sarauniya ya bayar.
Shekara sha tara ina dafa masa amsa."

Na yaga.
Rubutunsa ne, mai kama da tafiyar kaza:
sarki, taku ɗaya, gefe.
Shi ke nan.
Motsin mai jira. Motsin mai rufe taga.

Ta daɗe.
Na ji motar ƙarshe ta gangara tudu.
"Ɓarawo," ta ce a hankali, "wannan ai nawa ne."

Sannan ta ɗauki dokin nan mara kunne,
ita da ba ta taɓa ba da ko soja a banza ba,
ta dire shi tsakiyar wuta,
inda abu uku ke iya cinye shi,
ta danna agogo.

Gefen Otar ya fara bugawa.
Kujerarsa na kallonmu.
Aikina ne in tsayar da shi,
na sani.
Na rubuta motsin, na sa hannu a aljihu,
na tarar ba komai.